Wa Zai Sa wa Ƙarƙashin Daɓe Fanka?

A duk zanen gini da muke yi a aji, akwai wurin da kowa ke jan layi biyu ya wuce abinsa: tsakanin ƙasa da daɓe. Rufi muna ɓata masa lokaci, taga da ƙofa har gardama ake yi a kansu, wanda ya iya kwamfuta ma sai ya dasa bishiyoyi ya ajiye mota a ƙofar gidan don malam ya ga ƙoƙari. Amma abin da ke ƙarƙashin ƙafar mai gidan, sai a rubuta ciko da kankare a naɗe takarda. Ni kuwa a kan wannan ɗan wurin na yi furojet ɗina na ƙarshe, har 'yan ajinmu suka laƙaba mini "injiniyan ɓeraye". Na karɓi sunan hannu biyu, kuma zan gaya muku dalili.

Ni mutumin ƙaramar hukumar Doguwa ne. Ga wanda bai taɓa zuwa ba: ka kama hanyar Zariya, ka karya a Kwanar Ɗangora, ka wuce Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore, to ka iso mu. Tun kafin ka shiga dajin za ka ga ƙasa ta sauya, ciyawa ta fi tsayi, itatuwa sun fi duhu. Ruwanmu ya fi na Birni. Yakan riga sauka, ya kuma daɗe bai ɗauke ba, a shekara mai kyau ya haura milimita 1,000. Shi ya sa masara ta karɓe mu, mu da Tudun Wada da Ƙiru da Bebeji. Amma ruwan da ke cika gona shi ne dai ke kwanciya a cikin ƙasa wata da watanni bayan an yi girbi, kuma ba ya zama wuri ɗaya.

A zamanin kakanninmu dawa da gero ne abincin rumbu, masara ta bayan gida ce, a gasa a ci kafin sabon hatsi ya iso. Daga shekarun 1970 zuwa 1980 ne ta zama amfanin gona na kuɗi a wannan yanki, lokacin da ayyukan bunƙasa noma irin na Funtuwa da aka fara a 1975, da KNARDA a nan Kano daga baya, suka yaɗa sabon iri da takin zamani. Da masara ta zo, sai ta zo da buhu. Da buhu ya zo, sai ya nemi sito.

Ku tsaya ku dubi rumbu da kyau, in har akwai saura a garinku. Ba a taɓa dasa shi a ƙasa. A kan duwatsu ake ɗora shi, ko a kan gumagumai, a bar fili a ƙarƙashi wanda iska ke shiga ta gabas ta fita ta yamma. Kaji na fakewa a wurin da rana, in gara ta yi gangancin hawa dutse su tsince ta. Dawar da ke ciki kuma a dami take, ba a sussuke ba, iska na zagaya zangarniya. Babu wanda ya zana wannan a takarda, amma duk abin da ake koya mana game da kare gini daga danshi yana nan a jikinsa.

Sito kuwa bulo ne da kwano da daɓen siminti, a zaune daram a kan ƙasa. Ba na zagin sito. Yana da ƙofar ƙarfe da kwaɗo, gobara ba ta cinye shi cikin minti goma, kuma a zamanin da ake fasa rumbu da dare babu mai hankalin da zai ce wa manomi ya koma wa zana da kara. Abin da aka manta wajen ƙaura daga rumbu zuwa sito shi ne wannan ɗan filin na ƙasa.

Baffana, ƙanin mahaifina, shi ke riƙe da mu tun rasuwar Baba. Dabararsa irin ta kowa ce: a adana masara tun kaka lokacin da take arha, a fitar da ita a tsakiyar damina in ta yi tsada, daga nan a sayi taki, a biya kuɗin makaranta, a yi hidimar gida. Kuɗin rajistata a cikin waɗannan buhunan yake kwana. A daminar shekarata ta farko a nan, aka buɗe siton za a kai kaya kasuwa. Sahun sama lafiya lau. Da aka iso sahu biyu na ƙasa, wari ne ya fara yi mana sallama. Gindin buhunan ya yi baƙi, masarar ta dunƙule kamar an kwaɓa ta, ga fumfuna kore-kore da toka-toka. Rufi bai yoyo ba, ruwa bai shiga ta ƙofa ba, daɓen ma in ka taɓa shi sanyi kawai za ka ji. Baffa ya daɗe a tsaye bai ce komai ba, sannan ya ce, "Allah ya sa iyakar ta ke nan." A shekarar sai da aka sayar da ɗan maraƙi kafin na koma makaranta, ƙanwata kuma ta jira zango guda a gida.

Mutane suna ɗauka siminti ba ya shan ruwa. Yana sha. Kankare cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma danshin ƙasa yana hawa ta cikinsu kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila. Idan daɓen a buɗe yake, danshin yana fita ya bi iska, ba wanda ya lura. Amma da ka ɗora masa buhu, ka toshe masa hanya, sai ya shige cikin abin da ka ɗora. Maganin farko an san shi: a shimfiɗa leda mai kauri a kan ciko kafin a zuba kankare. Sai dai a ƙauye wa ke sayen ledar da za a binne, ba mai ganinta? Maginin da ya yi wa Baffa aiki bai sa ba, ba a kuma tambaye shi ba. Irin wannan danshin ne ke sa gindin bango ya yi fari kamar an barbaɗa kanwa, fenti ya ɓare, ƙafar kabad ɗin amarya ta kumbura tun ba a yi suna ba.

Akwai gwajin da kowa zai iya yi. Ka yanki leda kamar faɗin sallaya rabi, ka shimfiɗa a kan daɓe, ka manne gefunanta da salatif yadda iska ba za ta shiga ba, ka bar ta kwana ɗaya. In ka ɗaga ka ga raɓa a cikinta, ko wurin ya yi duhu, to daɓenka na fitar da ruwa. Na yi a siton Baffa a watan Satumba, ledar har ɗiga take.

Da farko asarar kuɗin kaɗai nake gani. Wata 'yar ajin kimiyyar ɗakin gwaji ce ta tayar mini da hankali, da ta tambaye ni, "To masarar da ta lalace, ina kuka kai ta?" Na ce an tsince, an wanke, an shanya, mai dama-dama an niƙa an yi tuwo, sauran an ba kaji. Ta riƙe baki. Ashe cikin ire-iren fumfunar da ke kama masara da gyaɗa akwai mai fitar da guba da ake kira afulatoksin, wadda wanki ba ya cire ta, dafuwa ma ba ta kashe ta. An gano ta ne bayan 1960, shekarar da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Burazil. A 2004 ta kashe mutum 125 a gabashin Kenya, kuma masarar gida ce suka ci, wadda suka noma da hannunsu suka adana da danshi. Wanda ke cin ta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru kuwa, hanta take ci, har ta kai ga sankara. Na tuna yadda muka yi ta loma a wannan tuwon muna cewa ai ba a zubar da abinci. Wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba.

Da na shiga bincike sai na tarar wannan wurin da muke tsallakewa sana'a ce guda a wasu ƙasashe. A Ingila tsofaffin gidaje daɓen katako gare su a ɗage, ana barin bulo mai huji-huji a gindin bango don iska ta ratsa, in ba haka ba katakon ya ruɓe. A Ostireliya, inda gara ke ɓarna kamar a nan, akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, sa fanka da bututu a ƙarƙashin gida don zuƙe iska mai danshi. A Amurka har wata iska mai cutar da huhu da ke fitowa daga ƙasa, radon, da fanka suke janye ta daga ƙarƙashin daɓe. Da na ba kakata labari, dariya ta yi har da tafi: "Kai maigidan banza! Boko ya kai ka har ƙasar Turawa don ka gano abin da kajina suka sani?"

Ga abin da muka yi, ni da wani abokina ɗan Ƙiru da ke sashen lantarki. Siton mita 6 ne tsawo, mita 4 faɗi. Ba mu fasa daɓen ba. Mun shimfiɗa leda mai kauri a kansa, muka jera bulo mai inci tara layi-layi, tare da barin tazara tsakanin bulo da bulo don iska ta iya ƙetarawa daga layi zuwa layi. A sama muka kwantar da katako. Sai aka sami sabon daɓe a ɗage, da fili a ƙarƙashinsa kamar santimita 30 in an haɗa da katakon da ya tallafe shi. A gindin bangon gabas muka huda ƙofofi huɗu, a na yamma biyu, duka muka rufe su da ragar ƙarfe mai ƙananan idanu, don in ba haka ba ka gina wa ɓeraye da macizai otal ne kawai.

In siton a fili yake, iska na kaɗawa ta ko'ina, waɗannan ƙofofin kaɗai sun isa, ba sai an sa inji ba. Rumbu ai ba shi da fanka. Amma na Baffa a cikin gida yake, katanga ta tare shi ta gefe biyu, ga ɗakin girki a gefe na uku. Iskar da ta shiga ƙarƙashin nan kwanciya za ta yi. Nan fanka ta shigo.

Lissafin ba shi da wuya. 6 sau 4 sau 0.3, iskar da ke ƙarƙashin mita kubik 7.2 ce. Idan ana so a sauya ta sau goma a awa, ana bukatar fankar da za ta ja mita kubik 72 a awa. 'Yar fankar nan ta cikin kwamfuta, mai faɗin santimita 12 da ke aiki da bolt 12, tana iya jan kusan 100 in babu abin da ya tare ta, kuma wutar da take ci ba ta wuce wat uku ko huɗu ba. Amma raga da bulo suna rage mata ƙarfi sosai, don haka muka sa biyu, ɗaya a kowace ƙofar yamma. Daga tsofaffin kwamfutoci muka ciro su. Muka juya su suna zuƙowa waje, ba suna hurawa ciki ba, don in ka hura, iskar mai danshi za ta nemi hanya ta sama, ta tsakanin katako, ta koma cikin masarar da kake karewa.

Iska malalaciya ce, hanya mafi kusa take bi. Idan akwai tsaga a katakon da ke dab da fanka, ta nan za ta riƙa ja, can lungun gabas kuwa ko motsi. Saboda haka muka matse katakon ɓangaren yamma muka toshe tsagoginsa. Don mu tabbatar, muka kunna maganin sauro mai hayaƙi muka kara a kowace ƙofar gabas. A uku hayaƙin ya shige da gudu. A ta huɗu ya tsaya yana shawagi, sai da muka zare bulo ɗaya daga layin da ke gabanta sannan ya bi sahu. Yaran gida sun ɗauka tsafi muke.

Baffa yana zaune a kan turmi yana kallonmu. Can ya ce, "Yanzu ɗan nan, mu mutane muna kwana da mafici, ƙarƙashin buhu ne zai sha fanka?" Na ce, "Baffa, ku yi haƙuri ku ba ni damina ɗaya." Ya ce katakon dai da kuɗinsa aka saya, in abin bai yi ba zai yi benci da shi.

Inda muka fi yin gardama da abokina shi ne batir. Shi ɗan lantarki ne, a wurinsa sola ba batir aikin rabi ne. Yana so fankar ta yi ta juyawa dare da rana. Ni kuma na dage a haɗa ta kai tsaye da faifan sola mai wat 20, in rana ta fito ta tashi, in ta faɗi ta kwanta. Ba don rowa ba. Hatsi yana musayar danshi da iskar da ke kewaye da shi. Masara mai danshi kashi 13 cikin 100, wadda ita ce ta ajiya, tana zama lafiya muddin laimar iska ba ta daɗe sama da kashi 65 zuwa 70 ba. Daga nan sama fumfuna ke farkawa. A hunturu laimar iskarmu takan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana, amma a watan Agusta tana haura 80, musamman da dare da asuba lokacin da raɓa ke sauka. To in ka kunna fanka da ƙarfe uku na daren marka, me kake jawowa ƙarƙashin masararka? Ruwa. Iska mai laima in ta taɓa wuri mai sanyi gumi take yi, kamar yadda kwalbar lemo ke yi in an fito da ita daga firji. A kudu maso gabashin Amurka, inda bazararsu ke da laima, sun ga haka da idonsu, har da yawa suka koma toshe ƙarƙashin gidajen gaba ɗaya. Iskar da ta fi bushewa a kowace rana ita ce ta tsakar rana zuwa la'asar, daidai lokacin da faifan sola ke ba da wuta. Ranar da hadari ya rufe gari aka wuni ana yayyafi, fankar ba ta da ƙarfin juyawa, kuma ranar ce dama ba a son ta juya. Rashin batir ɗin shi ne makunninta. Abokina ya ce wannan dabarar talaka ce. Na ce na yarda, ai sito na talaka ne. Har yanzu yana nan yana haɗa wata 'yar na'ura da za ta auna laima ta kunna fanka da kanta, kuma in ta yi aiki zan fi kowa murna, in dai kuɗinta bai kai na buhun masara ba.

Kada wani ya karanta wannan ya je ya zuba ɗanyar masara a sito ya ce ai akwai fanka. Fankar ƙarƙashin daɓe ba ta busar da hatsi, danshin ƙasa kawai take hana shi isowa. Masarar da aka karya da danshi kashi 20 ko fiye, sai ta sha rana a kan tamfol. Tsofaffi da haƙori suke gwadawa, in ta fashe ƙaras ta bushe. Akwai kuma gwajin gishiri: ka zuba busasshen gishiri da ɗan hatsi a busasshiyar kwalba, ka rufe ka girgiza, ka bar ta ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da saura. Ƙwari ma ba ruwansu da fanka. Maganinsu buhun nan mai leda biyu a ciki, PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi aka fara yaɗawa a 2007 don wake, yanzu har masara ake sa wa. Shi hana iska shiga yake yi har ƙwarin su mutu. Cibiyar NSPRI mai binciken adana amfanin gona, wadda hedikwatarta ke Ilori tana kuma da reshe a nan Kano, ta daɗe tana faɗar a ɗora buhu a kan katako, a kuma janye shi daga jikin bango. Ni abin da na ƙara kawai shi ne tura iskar da ke ƙarƙashin katakon ta yi tafiya.

Mun gama aikin kafin kakar bara. A hunturu ƙura da yanar gizo-gizo suka toshe ragar, sai na ɗora wa ƙanena aikin share ta da tsintsiya duk Juma'a, da goge faifan. Faifan kuma sai da muka yi masa keji na ƙarfe a kan kwano, kun dai san dalili. A ƙarshen Yulin bana aka fitar da kaya. Ina makaranta, Baffa ya kira ni da kansa, abin da bai saba ba. Bayan gaisuwa ya ce, "Sahun ƙasan nan, har shi dillali ya ɗauka." Sai ya shiga tambayar jarrabawa. Malamin da ke duba aikina ya ce damina ɗaya da sito ɗaya ba hujja ba ce, sai an auna laima sama da ƙasa wata-wata an kwatanta da siton da ba a taɓa ba, a kuma raba aikin leda da na fanka. Gaskiyarsa ne, kuma babin da nake fama da shi ke nan yanzu.

Tun daga lokacin mutum uku suka nemi in duba musu nasu. Na farko maƙwabcin Baffa ne. Da na zagaya bayan sitonsa sai na ga ruwan kwano a gindin bango yake zuba, ya yi kwari ya kwanta. Wannan ba fanka yake bukata ba. Shebur muka ɗauka muka yi ciko, muka yanka wa ruwan hanya, kafin azahar an gama, kuma na ga alamar ransa bai so ba, don shi inji ya zo nema. Na biyu mahaifin wata 'yar ajinmu ne a Bebeji, can wajen madatsar Tiga da aka kammala a 1974, inda rijiyarsu ba ta da zurfi ko da rani. Shi nasa ɗakin a fili yake, bulo da katako da ƙofofin raga sun ishe shi. Na ukun ɗan kasuwar shinkafa ne a Tudun Wada, sitonsa ya ninka na Baffa sau biyar, a matse tsakanin shaguna, ba ta inda iska za ta shiga sai ta gaba. Wannan fankar kwamfuta ba za ta iya ba, sai an ja bututu har ƙuryar baya an sa babba. Na ba shi leda da salatif na ce ya manna a wuri huɗu, ya ɗauko mini hoto da safe.